Biri Ya Yi Kama da Mutum

Ƙarfe biyun dare a Samaru,
janareta na tari a bayan ɗakin gwaji.
Ni da 'yan kwalabe goma sha ɗaya
da jinin wani jan biri
da manoman Shika suka kama a gonar masara,
wutsiya a gutsure, ƙurji a wuya.
Ɗanjuma mai gadi ya raɗa masa Sarkin Ɓarna.
A littafina lamba ce kawai: bakwai.

Jini a ido ja ne, shi ke nan.
Amma in inji ya juya shi har ya kwanta
sai wani siririn fari ya fito a tsakani
kamar zare a bakin hular tsoho.
Nan mayaƙan suke,
duk farare, duk kai ɗaya,
ba tsaga a kunci, ba karin harshe,
ba mai ce maka ga gidan ubansa.

Wani mai shela ne, shi ke tada unguwa.
Wani mahauci, wuƙa kaɗai ya sani.
Wani maƙeri, yana zaune yana ƙera kibiya
don cutar da ta zo bara waccan.
Wani haɗiya ce sana'arsa, ba ya tambaya.
Yaya zan ƙirga waɗanda ban san fuskarsu ba?

Mahaifina marini ne a Ƙofar Gayan.
Ya mutu da shuɗi a ƙarƙashin farce.
Yakan ce, baba ba ya kama kowane zare,
sai wanda ya yarda da shi.
Abin da ke kwalaben nan ma haka yake:
garkuwa ce aka goya mata launi,
kowace ƙofa ɗaya ta sani a duniya,
in ta same ta, ta maƙale, ta yi haske.

Sai dai don jinin ɗan Adam aka yi su.
Sun zo daga nesa cikin ƙanƙara,
sun kwana a Kwangila a motar da ta mutu,
kuɗinsu ya haɗiye albashina na wata uku.
Kullum muna cewa biri ya yi kama da mutum
in zance ya doshi gaskiya.
Yau zan auna karin maganar da ɗigo.

Na ɗiga. Na jira. Na wanke. Na kashe fitila.

Kore ya tashi!
Ga masu shela, tsilli-tsilli,
kamar fitilun Tudun Wada daga kan Kufena.
Ja ya biyo, mahautan nan ne,
sun fi yadda na zata yawa.
Na yi hamdala da ƙarfi
har Ɗanjuma ya leƙo da tocila.

Kwalba ta biyar: duhu.
Na sake. Duhu.
Dare uku ina kiran gidan ba a amsa ba.
Na zargi firji, na zargi hannuna,
na zargi direban Kwangila da uwar motarsa.
Dakta Tasalla ta duba, ta gyara tabarau:
"Suna ciki, Barau.
Mabuɗinka ne bai san ƙofarsu ba.
Rubuta duhun ma, shi ma sakamako ne,
kada na bayanka ya sayi abin da ka saya."

Na rubuta.
Bakwai sun kama, huɗu sun ƙi.
Iyakar kamar ke nan, gwargwadon kwalabena.

Da safe na kai masa ayaba biyu.
Ya karɓa da hannun hagu, bai dube ni ba.
Yana ta ɓamɓarar filastar da ke damtsensa,
a hankali, da bakin farce, yana ɓata rai,
daidai yadda ɗana Sa'adu yake yi
in mun dawo daga rigakafi.
Wannan ban san a wane layi zan sa shi ba.